Ranar da Aka Yi Gwanjon Saniyarmu

Indiyana, hunturun 1847

Shekarata tara.
Fuskar mai karɓar haraji ta ɓace mini,
igiyar ce na riƙe:
sabuwa fil, tana warin kanti.
Ya tsaya bakin garke yana murza ta
kamar wanda ya zo ta'aziyya ya manta sunan mamaci.

"Eliakim, dala huɗu ce kacal.
Biya ka huta, ni ma in huta."

Baba ya dire bokiti a kan ƙanƙara,
madarar tana hayaƙi.
"Dala huɗu harsashi nawa ke nan?
Ban san kowa a Meziko ba
balle in aika masa da dalma a ƙirji.
In an ci ƙasar, wa zai nome ta, Thaddeus?
Da ƙafar wa za a sa mari?"

Yayana Enos ya kai hannu ga ƙotar gatari.
Inna ba ta ce uffan ba,
yatsu biyu ta ɗora a wuyan hannunsa
har jijiyar ta kwanta.

Baba da kansa ya kwance ta.
"Ba ta son a tatse ta ta hagu," in ji shi,
"kuma ka ɗumama hannunka tukuna."

A gidanmu ba a san sukari ba.
Inna kan ce in ka kasa kunne a bakin kofi
za ka ji ƙarar bulala.
Auduga ma ba ta shigo mana.
Ulu muke sawa, mai cizo kamar ƙuma,
ina susa a ɗakin ibada, inda kowa ya yi tsit,
ina tsine wa gaskiya a zuci.

Ranar Asabar, ƙofar kotu.
Mai gwanjo ya ɗaga mata leɓe, ya nuna haƙora,
ya daki kwiɓinta.
"Wa zai taya?"
Shiru.
Wasu don mu suka yi shirun,
wasu kunya ce kawai ta ɗaure musu harshe.
Wani daga baya ya ce, "Matsorata!"
Ƙwai ya fashe a hular Baba.
Bai goge ba. Ya bar shi yana tsiyaya.

Sai Isom Tolliver maƙeri ya kutso,
da ƙyallen fatarsa a ƙugu, toka har gira.
"Shida," ya ce.
Ya ƙirga su da tsabar da ta sha gumi.

A hanya Baba ya tare shi.
"Isom, kuɗinka ya tafi inda na hana nawa zuwa."
"Na sani."
Ya daɗe yana shafa goshin saniyar.
"A Kentaki haka aka ɗaga leɓena.
Rannan ma an yi shiru,
amma ba wanda ya fito.
Kai ka iya tsayawa ka kalla, Eliakim.
Ni ƙafata ba ta yarda ba."

Saniya ta kwana a maƙera.
Igiyar kuwa, da idona na gani,
ya cusa ta a wuta ya ja zugazugi.

Kullum da asuba
mukan tsinci tulun madara a dokin ƙofa.
Baba bai taɓa kurɓa ba,
bai kuma taɓa hana mu ba.
Ranar Laraba yakan kai wa Isom itace,
su zauna, ba mai tanka wa wani,
guduma na magana a madadinsu.

Yaƙin bai san da mu ba.
An ci, an buga ganguna, an raba lambobi.
Da shekara ta zagayo Thaddeus ya dawo
da wata sabuwar igiya,
ya tafi da tumaki uku da agogon bango.

Yau na girmi Baba na wancan lokaci.
An karya mari, da jinin da ya ƙi a zubar,
har da na Enos a ciki.
Jikokina na zuba sukari cokali biyu
ni kuwa har gobe hannuna ba ya kaiwa.
In suka ce, "Kaka, wa ya fi gaskiya cikin biyun?"
sai in ce madarar da ɗumi take zuwa,
ko da ƙanƙara ta kai gwiwa.